Kwalbar da Mahaifinta Ya Ajiye

Ermanno ya shigo kicin ɗin Ottavia riƙe da ƙunshin kifi, ya sake tambayarta ko za ta aure shi.

Sai ta ɗauko wata kwalbar jar giyar inabi mai ƙura, ta dire a tebur. A ƙauyensu na Langhe, a Italiya, uba kan ajiye kwalbar giya ranar haihuwar 'yarsa, ba a buɗewa sai ta karɓi miji. Ottavia har ta yi furfura ba wanda ya taɓa tata.

Ermanno ya ƙura wa kwalbar ido.

"Kifi ka kawo, tsoho?" in ji ta. "Giyar nan bauri gare ta, da kifi kamar ka lashi ƙarfe. Jeka wurin mahauci ka samo naman sa mai kitse. Ka hanzarta, zan buɗe ta ta sha iska."