Kabarin Aƙilu

Mamman yana goge gilashin mota a bakin gareji lokacin da Mai Shari'a Ja'afaru ya fito da sandarsa, ya ce yau ba sakatariya za su ba, Kwarin Ɗinya za su. Tsumman ya kuɓuce daga hannun Mamman. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ce to.

Shekarar da aka dawo da shari'ar Musulunci a Kano ce. An kira tsohon alƙalin daga ritaya, aka sa shi cikin kwamitin da ke duba hukunce-hukuncen kisa, kuma tun da aka fara zaman hankalinsa bai sake kwanciya ba. Duk tsawon zamansa a kotu mutum ɗaya ya sa aka rataye, Garba na Kwarin Ɗinya, kwanan nan kuwa ko a sujada sai ya tuno fuskarsa.

A lokacin babu wanda bai ji labarin ba. Garba ya yi rigima da maƙwabcinsa Aƙilu a kan iyakar gona, ya rantse a gaban jama'a sai ya ga bayansa. Aƙilu ya ɓace. Da ruwa ya janye a kwari, aka tarar da gawa ta kumbura ta lalace, kai a fashe, sanye da rigar Aƙilu. Garba bai daina rantsuwa bai kashe kowa ba har ranar da aka kai shi ga igiya.

Suka fita daga Nassarawa suka ɗauki titin Haɗeja. Inda kwalta ta ƙare hanya ta rabu biyu, babu allo, babu wanda za a tambaya. Mamman ya karya hagu. Alhaji Ja'afaru yana jan carbi a baya, bai ɗago ba. Kafin su shiga gari Mamman ya naɗe kansa da hirami har baki, ya ce maƙogwaro ke damunsa.

Dagacin garin, Inuwa, shi ya zagaya da su. Alhaji ba ya iya tafiya a turɓaya shi kaɗai, dole Mamman ya fito ya riƙe masa hannu. Suka ga gonakin biyu, sun zama jeji ɗaya, an rasa ma inda iyakar take. Suka ga kwarin, inda har yau mata ba sa wanki. Inuwa yana bayani kamar wanda ya saba, domin baƙi kan tsaya su ce a nuna musu.

Gidan Garba ya rushe, saura ɗaki guda. A ciki matarsa Sakinatu take, ta tsufa, idonta ya yi hazo. Inuwa ya faɗa a hankali cewa 'ya'yanta maza sun bar gari saboda gori, 'yar kuwa ta mutu ba wanda ya nemi aurenta. Alhaji ya durƙusa da ƙyar ya faɗa mata ko shi wane ne.

"Ranka ya daɗe, kai na yafe maka tuntuni," in ji ta. "Abin da aka kawo gabanka ka gani. Amma mijina bai kashe mutum ba, kuma akwai wanda ya san haka."

Ta lalubo moɗa ta ɗebo ruwa, ta ce a ba direba, ya sha hanya. Mamman ya karɓa da hannu biyu. Ya kai bakinsa, ya sauke kamar yadda yake.

Daga nan aka kai su maƙabarta, aka nuna musu kabarin Aƙilu, tudu ne da ya kusa shafewa. Alhaji ya daɗe yana addu'a, Inuwa yana amsawa da amin. Mamman ya ɗaga hannu shi ma, amma leɓɓansa ba su motsa ba. Da Alhaji ya tambayi inda aka binne Garba, Inuwa ya ce gidan yari ba su ba da gawar ba, ba wanda ya sani. Mamman ya riƙe wa Alhaji hannu suka koma mota.

A hanyar dawowa Alhaji ya yi ta magana. Ya ce tsohuwa dole ta tsaya wa mijinta, amma dattawan gari duk sun shaida rigar, ga kwari, ga kabari ya gani da idonsa. Ya ce yau zuciyarsa ta ɗan sauka, ya gode wa Allah da ya sa ya bi wa bawan Allahn nan haƙƙin jininsa.

La'asar sakaliya suka iso gida. Maigadi yana jan ƙofa, Mamman ya taka birki ya daɗe bai saki ba.

"Alhaji."

"Na'am?"

Mamman ya dubi tsohon ta madubi. "A shigar da motar gareji ne?"

A bakin wannan ƙofar Mamman ya taɓa tsayawa, shekara kusan talatin da suka wuce. Ya bar garinsu cikin fushi, ya musanya rigarsa da wani matafiyi a bakin kwari, ya tafi kurmi. Da ya dawo Kano ya ji labarin shari'ar a tasha, ya ce bari Garba ya ɗan ɗanɗana tukuna. Ranar da ya zo ya nuna wa alƙali kansa, maigadin wancan lokaci ya ba shi labarin an rataye Garba da safiyar nan, sannan ya tambaye shi ko aiki yake nema, kuma yaya sunansa. Ya ce Mamman, don shi ne ya fara zuwa bakinsa. Sunan da aka raɗa masa a Kwarin Ɗinya kuwa Aƙilu.