Daga Bakin Ƙofa

"Baba, ja da baya," in ji 'yarsa. "Daga kusa ba a ganin komai."

Shi dai tela kansa ya gama ɗaurewa. Tun safe yake bin ƙauyukan da masu zane suka buɗe wa baƙi ɗakunan aikinsu, yana gyaɗa kai ga abin da bai gane ba. Yanzu ga shi a ɗakin 'yarsa, wadda ta bar gida shekara huɗu saboda wannan sana'a. Ya kafa hanci a jikin zanen kamar mai duba ɗinki, amma shafe-shafen fenti kawai yake gani.

Ya ja da baya har bakin ƙofa. Sai ga mutum zaune, ya sunkuya kan keken ɗinki, ya ba duniya baya.

"Wane ne wannan kuma?"

"Kai ne, Baba."

"Ni? To ina fuskata?"

Ta ɗauki tsumma, ta daɗe tana goge hannu.

"Wallahi na gwada. Ina yarinya, a bakin ƙofar shago nake tsayawa. Iya abin da na sani ke nan."