Goggo Hure da Allon Bakin Layi

Simintin gindin sabon allon sunan layi bai gama bushewa ba Goggo Hure ta far masa da sandarta. Ƙarfe ne, sandar sai tsalle take tana dawo mata, ita kuwa ta ci gaba da rafka har matasan unguwa suka rirriƙe ta.

Ba ta yi boko ba, amma ba sai an karanta mata ba. Tun safe lasifika ke shela cewa daga yau Layin Rijiya ya zama Layin Kamilu Mai Kanti.

Kamilu dai, Allah ya jiƙansa, duk Gaya ba mai musun kirkinsa. Shi ne mai naɗe wando ya shiga kwata da damina. Shi ne mai randar ruwan sanyi a ƙofar kanti, kowa ya zo ya sha. In ciwo ya kayar da wani, sai ya rufe kanti ya tafi neman mota. Da ya rasu bara, maƙabarta ta cika maƙil.

"Haba Goggo," in ji Hafizu, shugaban matasan da suka kafa allon. "Duk garin nan a ce ke ce za ki ƙi?"

"Ni ce! Wa kuka tambaya, 'yan nema? Ku tumɓuke shi!"

Ba su tumɓuke ba. Ta ja ƙafa har zauren mai unguwa Datti, ta zazzage masa abin da ke cikinta. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce ya san inda ke mata ƙaiƙayi, amma an riga an yi addu'a an shafa, sai haƙuri. Ta fice ko sallama babu.

Baƙin da suka tare a layin a 'yan shekarun nan suka yanke hukunci: hassada ce. Ai tana sayar da daddawa da kuka a cikin gida, shi kuma kantinsa na kallon ƙofarta. Sun lura ba ta taɓa taka kantin ba. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa a ciki-ciki. In zance ya biyo ta kansa, sai ta ce "wancan". Ranar jana'izarsa ma ba wanda ya ga hawayenta.

Su yi ta faɗa, bakinsu ne. Abin da ke ƙona mata rai shi ne yadda sunan ya koma goron kowa, a tauna a tofar. "Kwatar Kamilu ta toshe." "An kama ɓarawon akuya a Kamilu." Mai tallar kifi, mai kwasar shara, har wanda bai taɓa ganin mutumin ba, kowa da baki sake. Duk sanda ta ji sai ta hau tsine wa allon da masu allon.

Ranar kasuwar Ajingi ta je sayen kalwa, ta dawo rana na tsakar ka, ƙafafu sun kumbura suntum, ga ƙullin kaya. A tashar Gaya ta tsayar da mai Adaidaita, baƙon fuska.

"Ina muka nufa, Iya?"

"Layin Rijiya."

"Rijiya a garin nan ai ba ɗaya ba ce. Wacce?"

Ta kwatanta masa bayan masallaci, ta kwatanta masa koriyar ƙofa. Ya girgiza kai, fasinjoji suka fara tsaki.

"Iya, yanzu kowane layi da sunansa. Faɗi kawai mu wuce."

Gida dai ba kusa ba. Ta buɗe baki. Sunan ya taho har kan harshenta, ta ji shi sarai. Sai ta haɗiye shi da ƙarfi, ta galla wa direban harara kamar shi ya yi mata laifin, ta ɗora kaya a ka ta kama hanya.

Ta yi tafiya tana hutawa, tana faɗa ita kaɗai, takalmi na cin ƙafarta. Da ta iso bakin layi ƙafar ta ce ba ta san zance ba, ta zube a nan. Maƙwabciyarta Hanne, tsohuwa irinta, ta fito da gudu da kwanon ruwa, ta ji yadda aka yi, ta riƙe baki.

"Daga tasha kika tako? Hure, da kin faɗa kawai. Mutumin nan yana kabari, me ya yi saura?"

Goggo Hure ta ture kwanon har ruwan ya zube.

"Yana raye ban kira shi ba. Yana ciwon ajali, yana kallon bakina, na ga abin da yake jira, ban kira ba. Sai yau zan faɗa wa mai Adaidaita don a rage min hanya?"

A nan muryarta ta karye, kukan da ta hana kanta tun bara ya ƙwace mata a tsakiyar titi. Kamilu ɗan farinta ne, kuma tun ranar da aka raɗa masa sunan, kunya ba ta bar ta ta furta shi ko sau ɗaya ba.