Agogon da Bai Tsaya Ba

Ka ce tunda agogonka yana tafiya hankalinka kwance yake, to, saurara ka ji. Wani manomin rani ne ya dasa tumatir a gefen madatsar ruwa, inda ake rabon ruwa bi da bi: kowa da ranarsa da sa'arsa, wanda ya makara kuwa sai wani mako. Da can tsohon agogo gare shi, irin wanda ake murɗa wa kai kowace safiya. Rigimamme ne, in an manta da shi sai ya yi zuciya ya tsaya cik. Amma in ya tsaya mai shi yakan gani, sai ya dubi inuwa, ko ya tambayi na kusa. Da ɗansa ya aiko masa da sabo mai batir daga birni, sai ya jefa tsohon cikin ƙwarya, ya ce ya huta da lallashi. Bai san cewa batir in ya fara sanyi, irin wannan agogon ba ya tsayawa farat ɗaya ba. Ja da baya yake yi kaɗan-kaɗan, allurarsa kuwa tana ta zagaye kamar lafiya lau.

Ranar da ruwa ya zo kansa, sai ga rasuwa a maƙwabta, dole ya je zaman makoki. Ya zauna kan tabarma, jikinsa na nan, zuciyarsa na gona, don dashen ya kwana biyu yana laushi, wannan ruwan ne kaɗai zai tashe shi. Tashi da wuri abin kunya ne, a ce ya fifita tumatir a kan maƙwabci. Sai ya riƙa zame hannun riga yana satar kallon agogo. Inuwar darbejiya ta janye daga kansu, rana ta fara cizon ƙeyarsa. Na kusa da shi ya raɗa masa, "Malam, anya ba lokacin ruwanka ya yi ba?" Ya sake dubawa, ya ce, "Da saura." Hankalinsa bai yarda ba, amma yaya za a yi ya ƙaryata agogon birni? Da agogon ya ba shi izini ya shafa fatiha, ya hau keke, ya yi ta taka feda har numfashinsa na sarƙewa. Ya tarar an toshe bakin magudanarsa, ruwa na kwarara gonar mai bi masa. Ya tsaya cikin dashensa da ya sunkuyar da kai, ya kai agogon kunne, ya ji yana ta bugawa abinsa. Da tsohon ne ya tsaya, da tun hantsi ya tambayi mutane.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.