Ɗakin Gyada

"Wa ya ba ka izinin ajiye baƙuwa a gidana?" Malam Mudi ya daka wa Hamidu tsawa a zauren dagaci.

Shekara goma sha biyu ke nan Mudi yana fataucin gyada a Kano, Hamidu kuwa shi ne wakilin da ke kula masa da gidan gadonsa na Bebeji. Yau Mudi ya sauka daga lori da buhunansa, ya tarar da wata tsohuwa makauniya a ɗakin da ya ce a ware masa don ajiyar gyada. Ko gaishe ta bai yi ba, ya ce ta kwashe komatsanta.

Hamidu ya sunkuyar da kai. "Malam, mu ɗan keɓe tukuna."

"A'a! Faɗi a nan kowa ya ji!"

"To. Inna Laraba ce, wadda ta shayar da kai bayan rasuwar mahaifiyarka. Ɗakinta ne ya rushe da damina. Ita ta hana ni aika maka, wai hidima ta yi maka yawa."

Mudi ya kasa ɗaga ido.

Sai ga ta a bakin ƙofa tana dogara sanda, da ƙunshin kaya a ka.

"Mudi, ɗana, na share maka ɗakin. Ka dai ci abinci kuwa?"