Hayaƙin Motar Sallau

Zauna ka ji misalin wani direba, kafin ka kai hannu kan abin da yake yi maka aiki.

A wani ƙauye da ke can bayan dutse, inda kwalta ba ta kai ba, akwai wani mutum wai shi Sallau, yana da tsohuwar akori-kura. Ita kaɗai ce mota a garin. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke ɗauko amarya, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Ba ta da gudu, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Aibinta ɗaya, hayaƙi. In Sallau ya taka totur sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanta, masu tsire a bakin tasha su hau rufe nama suna tsaki. Direbobin birni suka sa mata suna Murhun Gidan Biki, in ya shigo tasha sai su ce a kawo tukunya, wuta ta kama. Sallau yakan yi dariyar yaƙe, amma abin yana cin sa a rai, har ya zama yana faka motar can nesa ya ƙarasa da ƙafa.

Ran nan ya kai ta wurin Baba Mati, tsohon bakaniken da ya san injin nan tun yana hannun mai shi na farko, ya ce a wanke masa cikinsa tas. Tsohon ya kwance fulogi ya duba, ya zura yatsa a bakin inji ya fito da shi da baƙar daskararriyar dauɗa kamar kwalta, sannan ya girgiza kai.

"Sallau, injin nan ya ci duniya. Baƙin da kake ƙyama shi ya toshe wuraren da ƙarfe ya cinye. Ka bari kaka ta wuce mu sauke shi gaba ɗaya, mu kankare da hannu, mu sa sabon ringi. Amma a yanzu kada ka tsokane shi."

"Baba, kaka da nisa. Na gaji da zama abin dariya."

"Dariya ba ta kashe mutum, ɗana."

Sallau ya yi godiya ya tafi, ransa ba daɗi. A bakin kasuwa ya tarar da wani mai talla da lasifika, yana sayar da ruwan magani a kwalba, wai ana zuba shi cikin baƙin mai ya narkar da dattin shekara da shekaru, ba a kwance ko noti ɗaya ba. Sallau ya saya, ya juye, ya bar injin yana ruri. Da aka zubar da man sai ga shi ya fito da gudaji-gudaji baƙi ƙirin, 'yan kallo suna ta mamaki. Hayaƙi kuwa ya ragu a ranar. Sallau ya shiga tasha da tsakar rana ya faka a tsakiyar direbobi, ya fito yana kaɗa makulli. Bai san cewa ɓawon da maganin ya ɓamɓare bai fita duka ba. Ragowar ta gangara ƙasan inji ta kwanta a bakin rariyar da ke jan mai, tana toshe ta kaɗan-kaɗan.

Ba a yi mako ba, da hantsi, aka shigo gari a guje ana salati. Kububuwa ta sari Tanimu, ƙanen Sallau, a gonar gyaɗa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma shi ya rage masa. Aka shimfiɗa shi a bayan mota, matarsa ta riƙe masa kai a cinyarta, ƙafar tana kumbura ana gani. Sallau ya taka motar irin takun da bai taɓa yi mata ba. Sun kai rabin hawan dutse sai ya ji wata ƙwanƙwasa daga cikin inji, kamar ana buga guduma a tukunyar ƙarfe. Ya yi addu'a ya ƙara wuta. Ƙarar ta yi tsanani, motar ta yi jijjiga, sannan ta yi tsit. Inji ya buga.

Ya murɗa makulli har yatsunsa suka yi ciwo. Ya buɗe gaba, zafi ya dake shi a fuska, ya tsaya yana kallon ƙarfen da ba abin da zai iya yi masa. Hanyar ba kowa, don motar da takan bi ta ita ce wannan da ta mutu. Daga baya Tanimu ya kira shi da murya ƙasa-ƙasa, jini yana fita ta dasashinsa.

"Yaya, mun iso ne?"

"Saura kaɗan," in ji Sallau.

Ya goya shi ya kama hawan da ƙafa, matar tana biye da takalmansa a hannu. Sai bayan azahar suka gamu da wani mai amalanken shanu. Kafin su hango rufin asibitin, Tanimu ya riga mu gidan gaskiya.

Motar tana nan a gefen dutsen har 'yan gwangwan suka zo suka yanka ta. Mutanen garin suka koma ɗaukar mara lafiya a kan ƙyauren ɗaki. Shi kuwa Sallau bai ƙara taka tasha ba, yana noma gonar gyaɗar nan yana ciyar da marayun ƙanensa, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ɗora laifin a kan mai talla.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira akan rasa ido.