Tsokar da Aka Kai Gwaji

Juliana ta kasa zama. Ta leƙa ƙofar likita, ta dawo, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Rediyon nas yana ta surutun sabuwar gwamnatin farar hula, amma ba ta jin komai. Mijinta Ernest, makanike a Kakuri, ya sunkuyar da kai a ƙarshen benci.

Wata dattijuwa daga Kamazou ta kamo hannunta. "Ƙanwata, zauna mana. Ni ma bara aka cire mini nono ɗaya, ga ni da raina. Ki gode wa Allah naki mijin ya rako ki. Nawa guduwa ya yi."

Kafin Juliana ta amsa, aka kira su ciki.

"Kansa ce," in ji likitar. "Tsokar nonon da muka kai gwaji ta nuna. An kuma ga wata alama a jikin tsokar mai karɓar sinadarin da ke raya jijiyoyi, ana kan bincikenta. Amma aiki ba zai jira ba."

"A yi," Juliana ta ce.

Ernest ya miƙe tsaye. "Ban yarda ba! Me zan gaya wa mutane a gareji?"

Juliana ta tare ƙofa. "Baban Debby, ba inda za ka."

Likitar ta sassauta murya. "Oga Ernest, maza ma suna kamuwa da ita. Cire rigarka in sake duba ƙullutun."